Neman shawara: zan tsallaka iyaka da ƙaramin jirgin sama karo na farko

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan da na samu lasisin tuƙin jirgi, amma duk yawona a cikin ƙasa ne. Yanzu ni da abokina muna so mu leƙa ƙasar da ke maƙwabtaka da mu a Cessna 172 ta haya, tafiyar kamar awa uku, da rana tsaka. Na zana hanya, na iya cike takardar tsarin tafiya. Abokina ya ce iyakarta ke nan, mu miƙa mu tashi. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Manya, me na manta?

Tsohon matuƙi: Wa'alaikumus salam. Ƙanena, gara da ka tambaya. Takardar tsarin tafiya sanarwa ce kawai, ba izini ba ce. Ƙasashe da yawa sai sun ba ka izinin ratsa samaniyarsu da na sauka, da lamba a jiki, wasu kuma ba ruwansu da wannan. Wanda zai raba gardama shi ne kundin AIP na ƙasar da za ka, wato littafin ƙa'idojin zirga-zirgar jiragen samanta, sashen GEN 1.2. Ka karanta shi da kanka, kada ka tafi da "an ce".

Kuma ba filin da ka ga dama za ka sauka ba. Saukar farko sai a filin da ke da kwastam da jami'an shige da fice, haka ma tashin ƙarshe. Ni na taɓa isa wani ƙaramin fili ran Lahadi da yamma, takarduna cif, amma mai hatimi ya tashi aiki, don ban sanar da zuwana ba. A gindin fiffike muka zauna da jakunkunanmu har duhu ya shiga, ga gari muna hangowa, ba halin fita ƙofa.

Makanikin jirage: Kyaftin ya gama magana, ni mai zan ƙara. Jirginka avgas yake sha, fetur na ƙananan jirage, wato 100LL mai launin shuɗi. Fili zai iya zama ƙato, manyan jirage na ta sauka, amma ba abin da ke tankinsu sai Jet A-1, wanda kananzir ne, guba ga injinka. Kada ka yarda da abin da aka rubuta a takarda. Buga waya ka ji daga bakin mai ba da man, ka sake bugawa ana gobe tafiya. In an zuba, ka tsaya a wurin, ka tsiyayi kaɗan a kofin gwaji ka ɗaga a haske. Ɗiga a farar takarda: avgas zai bushe tas, kananzir zai bar tabon maiƙo.

Sai lissafi. Littafin jirginka da galan ɗin Amurka yake magana, famfo kuma wataƙila da lita, galan ɗaya lita 3.785 ne. Ruɗanin awo irin wannan, tsakanin fam da kilo, shi ya sa Boeing 767 na Air Canada ya ƙare da mai a sama a 1983, ya sauka a Gimli, ƙasar Kanada, injuna a mace.

Wata mai kula da zirga-zirgar jirage: Malam, daga ɓangarenmu: lokaci duka da agogon GMT ake rubutawa, har lokacin da kake sa ran tsallaka iyakar. Ka miƙa tsarin tafiya aƙalla minti 60 kafin tashi. Ka saurara da kyau in an ba ka awon nauyin iska, wasu ƙasashe 1013 suke cewa, wasu 29.92, abu ɗaya ne da ma'auni biyu. Don Allah in ka sauka ka tabbatar an rufe tsarin tafiyar, wato an sanar da mu ka iso. Minti 30 in ba labarinka, mun fara cigiya, kai kana can kana ɗaukar hoto.

Wani ɗan'uwa: Ni da za ka ji tawa, ka ɗauki wakili ya nemo maka izinin, ka huta.

Tsohon matuƙi: Ba laifi in ƙasar mai wuyar sha'ani ce, amma wakili ba zai tsaya gaban jami'i a madadinsa ba. Ƙanena, ka ce haya ce ko? Takardar rajista, ta lafiyar jirgi, lasisin rediyo, duk yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ta tsara sufurin jiragen sama tsakanin ƙasashe, ta ce su kasance cikin jirgi. Ka haɗa da wasiƙar mai jirgi cewa ya yarda a fita da shi, ka kuma duba inshora ko ta kai can.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yanzu na buɗe takardar inshorar, ashe iyakarta cikin ƙasa. Na kira mai jirgin, ya ce sai Litinin zai yi magana da su. Mun ɗaga tafiyar sati biyu, abokina sai cika yake yana batsewa.