Ruwan tankin murjanina ya soma yin ɗorawa, in sa gawayin tacewa?

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tankina na ruwan gishiri lita 300 ne, akwai murjani mai taushi irin Sarcophyton da Sinularia, da 'yan rassan murjani mai tauri irin Acropora, sai kifin tang guda. Jiya da nake canjin ruwa na zuba tsohon a farin bokiti kusa da sabon haɗi, sai na ga ya yi ɗorawa-ɗorawa. Ga Acropora ɗin da ke gefen Sarcophyton ya daina buɗewa sosai. An ce in sa gawayin tacewa, wani kuma ya ce yana ɓata fatar kifi. Don Allah wanne zan kama? Abin ya dame ni matuƙa.

Baban_Sadiq:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki sa, amma a hankali. Launin nan tarkacen abinci da kashin kifi ne da suka narke, na'urar kumfa (mai fitar da datti daga ruwa ta hanyar kumfa) ba ta kwashe su duka. Murjani mai taushi kuma yana sakin guba a ruwa don ya hana maƙwabcinsa sakewa, ina zaton abin da ke damun Acropora ɗinki ke nan. Gawayin yana kama duka biyun, domin cike yake da ramuka ƙanana ainun, har giram ɗaya kan ɗauki faɗin da ya haura murabba'in mita 500. Ba gawayin girki ba ne fa, wannan sai an gasa shi da tururi mai tsananin zafi ramukan suke buɗewa.

Inda nake so ki fi kula shi ne haske. Ruwa mai launi yana tare hasken fitila, murjaninki kuwa ya saba da hakan. In kika zuba gawayi da yawa lokaci guda, ruwan zai washe cikin kwana ɗaya ko biyu, haske ya sauka da ƙarfi, murjanin ya koɗe ya yi fari. Na ga haka da idona a tankin wani abokina: rassan sama ne suka fara zama fari fat, na ƙasa kuwa ko gezau. Yawanci ana sa babban cokali ɗaya ga kowace lita 40. Ke ki fara da rabin haka, ki ɗan rage fitila, bayan mako guda ki ƙara.

Ki wanke shi da ruwan RO (ruwan da na'ura ta tace tsaf) har baƙin ya daina fita, ki ɗaure a jakar raga, ki ajiye a tankin tacewa na ƙasa inda ruwa ke gudu. Ki riƙa sauyawa duk mako biyu zuwa huɗu. Farin bokitin nan naki shi zai faɗa miki lokacin da ya gaji.

Injiniya_Bello:
Malam ya gama magana, amma batun fatar kifi ba jita-jita ba ce. A 2011 Jay Hemdal na gidan namun daji na Toledo a Amurka ya wallafa gwajin da ya nuna gawayin lignait (wani nau'in kwal) yana haddasa zaizayewar fata a kai da gefen jikin kifin tang. Lignait yana da laushi, yana yawan ƙura. Tunda kina da tang, ki nemi mai tauri, ko dai na kwal ɗin bitumin ko wanda ake sayarwa da sunan ROX 0.8. In a bututun tacewa za ki sa, ki matse shi da soso kada ƙwayoyin su riƙa rawa, don gogayya ke niƙa su su zama ƙura. Gawayin ɓawon kwakwa kuwa ramukansa sun yi ƙanƙanta, ya fi dacewa da cire kulorin daga ruwan famfo.

Ummu_Hanan:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To zai rage mini naitret da fosfet ma, sinadaran da ke ciyar da gansakuka? Koren gansakuka ya fara fitowa a jikin gilashi.

Baban_Sadiq:
A'a Hajiya, wannan ba aikinsa ba ne. Wani mai arha ma shi ke sakin fosfet ɗin. Kafin ki sa, jiƙa cokali ɗaya a kofin ruwan RO ya kwana, da safe ki gwada. Maganin gansakuka rage abinci ne da canjin ruwa, in ya ƙi sai ki ƙara da GFO (ƙwayoyin tsatsar ƙarfe masu tsotse fosfet) a jakarsa daban. Ki kuma matsar da Acropora ɗin nesa da Sarcophyton, ta yadda ruwa zai fara ratsa shi kafin ya isa ga mai taushin.