Wa kuke kai wa aikinku kafin ya fita?

Marubuciya daga Gusau:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata uku ina rubutu a waya, ni kaɗai, sai yara sun yi barci. Na gama labarin da nake son turawa gasar Hikayata ta BBC Hausa, amma na maimaita karanta shi har idona ya daina ganin kuskure. Na ba ƙawata, ta ce "wallahi ya yi daɗi," magana ta ƙare. Ku da kuke aiki ku kaɗai, su wa ke duba muku? Ina kuka samo su?

Marubuciya daga Kano:
Wa alaikumussalam ƙanwata. Ni mutum uku gare ni, kuma babu wadda ta san da zaman sauran.

Ta farko malamarmu ce ta Hausa a sakandare, ta yi ritaya. Ita ba ruwanta da ko labari ya yi daɗi, ƙa'idar rubutu kawai take bi. Ranar da na fara kai mata aiki na rubuta "baki sun cika gidan," ta kira ni ta ce, bakin wa da wa? Sai na ga ashe duk littafin ban sa wa ƙ da ɗ lanƙwasa ba. A ranar ta sa jikarta ta ɗora min allon rubutun Hausa a waya. Kuɗi ba ta karɓa, sai dai in kai mata turaren wuta da sallah.

Ta biyu 'yar yayata ce, ma'aikaciyar jinya. Na taɓa rubuta miji da mata masu jinin AS, na ce cikin 'ya'yansu huɗu dole ɗaya ya fito da amosanin jini. Ta ce ba haka lissafin yake ba, Anti, kowane ciki da nasa hatsarin na kashi ɗaya cikin huɗu, ana iya samun biyu, ana iya rasawa gaba ɗaya. Da na saki labarin a haka, da na koyar da mutane ƙarya.

Amma wadda ta fi su amfani ita ce gwaggona, wadda ko harafin boko ba ta sani ba. Zama nake yi in karanta mata da baki tana tsinar shinkafa. Inda ta dakata da tsina, na san wurin ya kama. Inda ta fara tambayata ko na kai niƙa, na san na ja zance. Ita ce ta tsayar da ni a wani babi ta ce, wace irin uwa ce wannan a ƙauye, tana kiran sunan ɗan farinta gatsal a gaban surukai? Shekara nawa ina rubutu, alkunyar nan ba ta faɗo min a rai ba.

Mai zanen bangon littafi, Kaduna:
Hajiya kin dace da gwaggo. Ni ba marubuci ba ne, amma kaɗaicin iri ɗaya ne, daga kai sai kwamfuta da jiran wuta. Musayar aiki nake yi da wani marubuci: in zana masa bango, shi ya gyara min Hausar tallan da nake yi wa 'yan kasuwa. Kuskurena na farko, ba mu yanke iyaka ba. Sai da na yi masa bango uku da gyara ba adadi kafin na iya buɗe baki. Yanzu bango ɗaya, gyara sau biyu, in ya wuce haka a biya.

Marubuciya daga Zariya:
Ni gargaɗi na zo da shi. Na taɓa zuba babi goma a wani zauren WhatsApp na marubuta, wai a ba ni shawara. Shawarar da na samu ita ce hoton zuciya da "Allah ƙara basira." Bayan wata biyu na tsinci labarina a hannun wata, an canza sunayen taurari ana sayarwa. Tun daga nan mutum biyu kacal ke ganin aikina, su ma babi-babi nake ba su.

Marubuci daga Maraɗi:
Namu daban ne kaɗan. Yawancin masu karanta ni 'yan Najeriya ne, ni kuma bakina ya saba da kalmominmu na Nijar irin su lakwal (makaranta) da kaye (littafin rubutu). Ina da aboki a Katsina da ke ja min layi a ƙarƙashin duk kalmar da ba za su gane ba. Ba duka nake cirewa ba fa. In yaron cikin labarin ɗan Damagaram ne, lakwal zai tafi, sai dai in gina jimlar yadda mai karatu zai fahimci makaranta ake nufi. Shi ma in ya sako wani ɗan Nijar a labarinsa yana lissafi da naira, ni nake mayar masa da shi sefa.

Malamin makaranta, Bauchi:
A yi hattara da yawan hannu dai. Na taɓa ba mutum bakwai waƙata, kowa ya taɓa baiti, ta dawo ban gane ta ba. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Kuma ki faɗa wa kowa abin da kike so ya duba, in ba haka ba duk "ya yi daɗi" za ki kwasa.

Marubuciya daga Gusau:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam, ka gano ni, ban taɓa gaya wa ƙawar tawa abin da za ta duba ba. Yau zan mayar mata in ce ta nuna min inda ta gaji, don labarin ya haura kalma 1,500 sosai, dole in datse. Mai gyaran ƙa'ida kuma akwai wani malami a makarantar yarana, zan sa babansu ya yi masa magana. Matsalar ita ce mai sauraro. Tsohuwar da ke kusa da ni surukata ce kawai, kuma muguwar cikin labarin uwar miji ce. Anti ta Kano, ko za ki ara min gwaggo?