Abin da iyaye da malamai suka ce kan finafinan 'yan sakandaren Amurka

Wata tattaunawa tsakanin iyaye da malamai ta taso ne daga tambayar wata uwa: ko ta bar 'yarta mai shekara 14 ta riƙa kallon finafinan barkwancin 'yan sakandaren Amurka, inda ɗalibai ke rabuwa gungu-gungu, 'yan ƙwallo a teburinsu a ɗakin cin abinci, 'yan ƙwalisa a nasu, masu ƙwazon karatu kuma a gefe ana yi musu dariya?

Galibi sun ce a bari, amma a zauna a kalla tare. Wata malama ta kawo misalin fim ɗin Mean Girls na 2004, wanda aka gina kan littafin da Rosalind Wiseman ta rubuta wa iyaye a 2002 game da yadda 'yan mata ke ware junansu. Ta ce abin lura shi ne gulma da raɗa da hana mutum zama a tebur, domin irin wannan cutarwar ba ta barin tabo a jiki, shi ya sa manya ba sa gani. Na yarda da ita ƙwarai. In an gama kallo, a tambayi yarinyar wa aka ware a ajinsu, kuma wa ya tsaya mata.

Wani ya ja hankali cewa 'yan wasan sun girmi ɗaliban gaske: 'yar wasa Rachel McAdams tana da shekara 25 ta fito a ɗaliba a fim ɗin Mean Girls. A faɗa wa yara haka, kada su raina jikinsu.

Mutum biyu suka ce a fara duba iyakar shekarun da aka sa wa fim ɗin, domin wasu cike suke da shaye-shaye da batsa.