Za mu kai yara Disney World: ta ina ake fara tsari?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. In Allah ya yarda za mu kai yara Disney World da ke Orlando, a jihar Florida ta Amurka, a watan Agusta, kwana bakwai, mu shida ne har da ta goye. Ta ina ake farawa?

Alhaji Babba: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki fara raba ranaku kafin ki taɓa maganar abinci. Wuraren shaƙatawar da ke cikinsa huɗu ne: Magic Kingdom, EPCOT, Hollywood Studios da Animal Kingdom. Kowanne ki ba shi yininsa, Magic Kingdom ki ba shi biyu, sannan ki bar yini guda na hutu a tsakiya. Mutane da yawa suna fara kama teburi, wato ajiye gurbi a gidan cin abinci tun kafin ranar, daga baya su tarar cin rana yana EPCOT su kuma suna Magic Kingdom, zirga-zirgar kaɗai ta cinye musu awa guda.

Anti Ta Kaduna: Maganar Alhaji gaskiya ce. Ana buɗe kama teburi saura kwana 60, da misalin ƙarfe 6 na safe agogon Florida, wato 11 na safe a Najeriya a wannan lokacin na shekara. In a otal ɗin Disney za ku sauka, ranar da ya rage kwana 60 ku iso za ki iya kama na duk kwanakinku lokaci guda, har kwana 10. Ki fara da masu wuyar samu, irin su gidan cin abinci na Cinderella's Royal Table, kuma shi kuɗinsa ake biya tun wajen kamawa. Teburin mutum shida ya fi wuya, in bai samu ba ki nemi biyu na mutum uku-uku a lokuta kusa da juna. Jaririya ma a ƙirga ta.

Maman 'Yan Biyu: To Anti, in mun kama muka kasa zuwa fa?

Anti Ta Kaduna: Za su cire dala 10 a kan kowane mutum daga katinki, sai dai in kin soke da wuri a manhajar My Disney Experience. Shi ya sa teburi ɗaya a yini ya isa. Ki sa shi wajen ƙarfe 2, lokacin zafi ya tsananta, kuma a Agusta hadari da tsawa da yamma kusan kullum ne.

Malam Na Zariya: Batun halal, ki rubuta buƙatarki a wajen kamawa, ki kuma tuntuɓi ma'aikatan Disney saura kwanaki, kada ki bari sai kun zauna. Ana barin shiga da abinci daga waje, ban da kwalba da sakakkiyar ƙanƙara. Ruwan sanyi a kofi kyauta ne a kantunan abincin gaggawa.

Alhaji Babba: Ki kuma auna tsayin yaran tun a gida, da takalmi. Wasu abubuwan hawa na wasa suna da ƙa'idar tsayi: Space Mountain sai mai santimita 112, Seven Dwarfs Mine Train 97. Gara yaro ya sani tun a gida da ya yi kuka a bakin layi. 'Yar ƙasa da shekara 3 ba ta biyan tikiti, ɗan shekara 10 kuwa kuɗin manya ne.

Maman 'Yan Biyu: Allah ya saka da alheri. Bari in nemo abin awo.