Shan kwana da babban babur na doguwar tafiya: shawarar da matuƙa suka haɗu a kai

Babura irin su Yamaha FJR1300 suna kai kusan kilo 290 da mai a tanki, amma tsofaffin matuƙa sun yarda cewa nauyin ba shi ne matsala ba. Taya ce. Doguwar tafiya a miƙaƙƙen titi tana cinye tsakiyar tayar baya har ta baje, sai babur ya ƙi kwanciya, sannan ya faɗa kwana gaba ɗaya ba zato. A canja ta kafin ta kai haka. Iska kuwa a auna taya na sanyi: ga FJR, 36 psi (ma'aunin matsin iska) a gaba, 42 a baya.

Abin da matuƙan suka fi daɗewa suna magana a kai shi ne shokabzoba ta baya. Idan aka ɗauki fasinja da akwatunan gefe ba a ƙara matse sifirin ba, baya yana nutsewa, gaba ya yi sauƙi, babur ya buɗe kwana, mataken ƙafa kuma su fara goga kwalta da wuri. A ƙara matsi kafin a tashi, ba a kan hanya ba.

A gama birki da sauke giya kafin a shiga kwana. Don juyawa dama, a tura hannun dama na kan babur gaba kaɗan. Ido ya kalli mafita, ba gefen titi ba. Totur a buɗe shi a hankali daga tsakiyar kwana. Sakinsa kwatsam yana girgiza babur.