Wace mota mai sauƙin kuɗi ce za ta kai mutum daga Tarifa zuwa Dakhla, ya kuma kwana a cikinta?

Mai Neman Iska:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san mota. Tafiya ce ta wata huɗu don wasan kait, wato sululu a kan ruwa da lemar da iska ke ja. Hanyar ita ce Tarifa a kudancin Sifaniya, a tsallaka Maroko, a tsaya Essawira, sannan a gangara har Dakhla. Kayana kait uku ne, mai murabba'in mita 7 da 9 da 12, da allon sululu biyu, ɗaya gajere ɗaya dogo na igiyar ruwa. Mutum ɗaya ne. Abin da ke hannu Yuro 6,000 ne, a ciki za a sayi motar, a gyara ta, a yi mata gado. A Sifaniya zan saya. Babbar bas ta kaya zan nema, ko ƙaramar mota irin Kangoo ta isa? Kuma dole ne sai mai jan taya huɗu saboda rairayi?

Oga Bakanike:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka fara duba mota, raba kuɗin gida uku. Kada motar ta wuce 4,000. Ka ware 1,000 na gyara, domin tsohuwar mota ba ta zuwa hannu ba ciwo. Ragowar ta gado ce da wuta da ruwa.

A wannan kuɗin ni Fiat Ducato zan ce ka nema, ko Peugeot Boxer, ko Citroën Jumper. Bodinsu ɗaya ne, masana'anta ɗaya ce ta ƙera su a Italiya, kuma jikokin J5 ɗin nan ne da ke dakon tumatir a Arewa. Samfurin da ya fara fitowa a 2006, mai matsakaicin tsawo da dogon rufi, cikinsa ya kai mita 3.1 a tsawo, 1.9 a tsaye, 1.87 a faɗi. Faɗin nan ne amfaninta. Za ka gitta gado daga bango zuwa bango, ya ci mita 1.3 kawai na tsawon motar, sauran filin ya zama naka. Sprinter da Transit na shekarun nan sun fi ta matsewa, kuma tsatsa ta fi damun su.

Ranar dubawa ka je da safe, ka roƙi mai ita kada ya tayar kafin ka iso. Taɓa injin da hannu ka tabbatar da sanyinsa. Idan ta daɗe tana kuka kafin ta tashi, ko farin hayaƙi ya ƙi yankewa bayan minti biyu, akwai magana a nozul ko gaskit. Buɗe murfin bakin mai. Idan ka ga wani abu fari-fari kamar kindirmo ya manne a ciki, mai yiwuwa ruwa na haɗuwa da mai.

Irin waɗannan motocin suna da wani ciwo sananne. Ruwan sama na bin magudanar da ke ƙarƙashin gilashin gaba ya riƙa ɗiga a kan inji, ya kwanta a ramukan nozul har su yi tsatsa su kafe. Ciro nozul ɗin da ya kafe aiki ne mai tsada. Haska tocila a wurin, idan ka ga jan tsatsa ko ruwa a kwance, ka rage kuɗi sosai ko ka bar ta. Injin 2.3 na Ducato da taimin bel yake aiki. In babu rasiɗin da ya nuna ranar da aka canza shi, ɗauka ba a canza ba, ka sa a canza shi tare da famfon ruwa kafin ka bar Sifaniya. Ya tsinke a kan tafiya, bawul da fistin za su gwabza, injin ya tashi aiki. Gwada ribas a kan tudu kuma. Idan motar na karkarwa, kuloci ya kusa.

Sannan ka kwanta a ƙarƙashinta da sukuddireba. Soki dogarin shasi, da gindin ƙofofi, da wurin da sifirin ɗin baya ke kamawa. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi, ruɓaɓɓe kuwa burmawa yake. Wata huɗu a bakin teku, iskar gishiri za ta ƙarasa duk inda tsatsa ta fara.

Kada ka bi sabuwa don kyanta. Motocin da ke da matatar toka a salansa, wato yawancin na 2011 zuwa sama, suna son doguwar tafiya da gudu don su ƙona tokar. Kai kuwa a Dakhla gajerun zirga-zirga za ka yi ta yi tsakanin masauki da bakin ruwa, matatar ta toshe, kwamfutar motar ta rage mata ƙarfi.

Yaya Mai Taswira:

Maganar Oga a kan inji babu abin cirewa, amma ban yarda dole sai babba ba. Mutum ɗaya ne fa. Kangoo doguwa, ko Berlingo, ko Dacia Dokker, za su sha kusan lita 6 a kilomita 100, babbar kuwa 9 zuwa 10. Daga Tanja, inda jirgin fito ke sauke mutum a arewacin Maroko, zuwa Dakhla ya kai kilomita 2,000, ka ninka biyu, ka ƙara yawon tsakani. Jirgin fito ma da tsawon mota da tsayinta yake yanka kuɗi. Dokker a Tanja aka riƙa haɗa ta, don haka kayan gyaranta da na Renault ko'ina a Maroko akwai su. Illarta ita ce ba ka miƙewa tsaye a ciki, dogon allon kuma sai dai a ɗaure shi a rufi, inda rana da ɓarayi ke ganinsa. Idan za ka iya girki a waje, ƙaramar za ta bar maka kuɗi. Sai dai a garin da iska ke kaɗawa dare da rana, girki a waje tuwo ne da yashi, wannan kam gaskiya ce.

Takardu su ne abin da ke mayar da mutane baya. Motar ta kasance da sunanka. Kwastam na Maroko na ba motar baƙo izinin wata shida a shekara, kuma suna ɗaure ta da fasfonka, ba ka fita ka bar ta haka nan. Duba koren katin inshorarka ka ga ko ba a soke haruffan MA, wato Maroko, ba. In an soke, sai ka sayi inshorar kan iyaka a tashar jirgin. A Sifaniya motar kaya da ta haura shekara goma duk wata shida ake kai ta gwajin lafiyar mota da suke kira ITV, saboda haka ka yi gwajin dab da tashi don kada ya ƙare kana Sahara. Kuma duk abin da ka kafe da noti a jikin motar, dokarsu na iya ɗaukar sa a matsayin sauya fasali mai buƙatar izini. Yi gadon a matsayin akwatin da ake ɗaurewa da igiya a zoben ƙasa, a ciro shi in an so.

Dakhla na yankin Yammacin Sahara da ake taƙaddama a kansa, Maroko ke riƙe da shi, kuma daga Tan-Tan zuwa kudu shingen jami'an tsaro na da yawa. Buga takarda mai bayanan fasfonka da lambar mota kamar kwafi ashirin, kana miƙawa kana wucewa. Tsakanin Bujdur da Dakhla ya haura kilomita 300, gidajen mai ƙalilan ne, ka cika tanki a duk inda ka samu.

Ɗan Gaɓa:

A kan jan taya huɗu, ɗan'uwa, bar kuɗinka. Kwalta ce har Dakhla, wuraren wasan da ke bakin tafkin Dakhla kuma akwai hanyar da motoci suka daddaɓe. Abin da kake buƙata shebur ne, da famfon taya mai aiki da batir, da allunan da ake shimfiɗa wa taya guda biyu, da igiyar ja. In ka kafe, kada ka ƙara wuta, tona rami kawai za ka yi. Sauke iskar tayoyin jan zuwa kusan 1.5 a ma'aunin iska na bar, haƙe gabansu, shimfiɗa allunan, ka fita a hankali, sannan ka mayar da iskar kafin ka hau kwalta. Filin da ya fi kama mota shi ne mai laushi da ɓawon gishiri a sama. Ido na ganinsa busasshe, ƙasansa taɓo ne, kuma cikar teku na dawowa kansa. Taka da ƙafa tukuna.

Gadon ka ɗaga shi santimita 60 zuwa 70. Ƙarƙashinsa ya zama rumbun kait, ka shimfiɗa masa leda mai kauri da za ka jawo ka kakkaɓe. Kada ka naɗe kait da danshi, kuma kada ka bar shi a jikin ƙarfen da rana ke duka. Zafi na narkar da gam ɗin bawul ɗin da ke jikin robar cikin kait ɗin, sai ka hura ka ga yana sacewa. Dogon allon ka rataye shi a silin da maɗauri biyu.

Wuta: sola mai wat 200 da batir na biyu mai amfiya 100 za su riƙe ƙaramin firji da waya da fitila. Sa fiyus dab da kan batirin, in waya ta goge a jikin ƙarfe fiyus ɗin ne zai mutu maimakon motar ta kama da wuta. Ruwa jarka uku masu lita 20, ka lissafa lita 10 a rana. Bakin tukunyar gas ta Maroko ba ɗaya yake da na Sifaniya ba, ka sayi tukunyar tare da kan da ake ɗaura mata a can. Sa na'urar da ke ƙara in hayaƙi mai guba ya taru, kuma kada ka kunna risho ƙofa a rufe.

Fakin kuma, juya hancin motar ya fuskanci iska. A Dakhla daga arewa take zuwa kusan kullum. In ka ba ta baya, kana buɗe ƙofar direba za ta fizge ta ta lanƙwasa maƙalinta.

Mai Neman Iska:

Allah ya saka da alheri. Saboda tsayuwa da dogon allon, zuciyata ta fi kwanciya da Ducato. Oga, wane kayan gyara zan ɗauka a mota?

Oga Bakanike:

Filtar iska biyu, domin ƙura za ta cika ta farkon tun kafin ka juyo. Filtar dizal ɗaya, fanbel ɗaya, bakin mai lita 5, ruwan lagireto, fiyus kala-kala. Safayar ka sauko da ita tun a gida ka gwada, domin a ƙarƙashin motar take rataye, kuma mariƙinta kan kafe da tsatsa. Shafa masa giris ka mayar.