Neman kalma: me za mu kira "alainmen mak" a zanen injiniya?

Injiniya Agege: Salamu alaikum. Ranar Asabar zan koya wa yaran gareji a Idi-Araba karatun zanen ƙarfe, kuma da Hausa zan yi. Na maƙale a kan alainmen mak, wato layi ko ɗigon da ake sa wa ɓangarori biyu na samfurin gwaji domin in an kwance a san yadda za a mayar. A taimaka kafin Juma'a.

Bakaniken Ladipo: Alamar saiti, Oga. Duk yaron da ya taɓa ɗaura taimin na injin mota ya san in ɗigo bai hau kan ɗigo ba, an ɓata aiki.

Malamin Hausa: Saiti ai Turanci ne. Ni na ce "madaidaiciya", daga daidaita. Ta bi ƙa'idar ma'auni da mabuɗi.

Hajiya Mai Fassara: Malam, a kunnena madaidaiciya sifa ce, kamar hanya madaidaiciya. Yaro zai ɗauka layi miƙaƙƙe ake nufi. Injiniya, wannan daban yake da harafin A da ake sawa cikin ɗan akwati?

Injiniya Agege: Daban, Hajiya. Wancan datum ne, daga shi ake fara awo, ƙa'idar duniya ta ISO 5459 ce ta tsara shi. Alainmen mak kuwa na mai haɗa ɓangarorin ne. Kuma dole zanen ya faɗi yadda za a yi shi: kartawa, tawada ko leza, da zurfinsa. In ka bar wa mai aiki zaɓi, sai ya ɗauko guduma ya buga wa siririn alminiyam ya lotsa shi. In kuma tare aka huda ɓangarorin, sai an haɗa su kafin a yi alamar.

Mai Walda Owode: To ku ce tsaga mana.

Malamin Hausa: Tsaga ta fuska ce. Matsalarku ke nan 'yan Legas, kun cakuɗa harshe da Yarbanci da buroka, ga shi za ku koya wa yara. A Kano ba za a yarda ba.

Bakaniken Ladipo: Allah ya ja zamanin Malam, a Kano me ake kiran mota? Da sitiyari? Kakana a Agege aka haife shi, Hausarsa ba aro ba ce.

Malamin Hausa: Ba gori nake yi ba. Amma in masu ilimi ba su ƙirƙira ba, wa zai yi?

Hajiya Mai Fassara: Ƙirƙirar da ba a faɗa a bakin aiki, a takarda take mutuwa. Tsaga kuma ba ta ɗauki ta tawada ba.

Injiniya Agege: Zan rubuta "alamar saiti", in ƙara "ta kartawa" ko "ta tawada" inda ya dace. Datum fa?

Malamin Hausa: Ban gamsu ba, amma je ka. Datum ka sa "mafarin awo", kada kuma wani ya ce mini datum ɗin ma Hausa ce.

Bakaniken Ladipo: Wannan kam mun bar maka, Malam. Mu dai "santa" muke cewa.

Injiniya Agege: Santa kuma, wato tsakiya, wani abu ne daban, don Allah kar mu fara.